Wai da madubi da haske anka ji karon da anka yi tun shekara biliyan ɗaya?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum 'yan gida. Jiya zahi ya hana ni kwana, ina kwance tsakar gida ina latsa waya sai nic ci karo da wani bidiyo. Wai Amurka akwai na'urar da ta ji karon wasu abubuwa biyu can cikin sama, karon da anka yi shekara biliyan ɗaya da wani abu da sunka wuce. Sunka sa sautin, ɗan "wuup" guda, ko daƙiƙa bai kai ba. Malamin Fiziks, don Allah wanga zance gaskiya na ko irin na masu neman mabiya?

Mai Walda: Wa'alaikumussalam. Ƙanena, in zahi ya hana ka kwana ka watsa ruwa. Karon da ba ka ji na tirela biyu ga hanyar Gusau kana Mabera, shi za a ji daga sama?

Malamin Fiziks: Gaskiya ne, Ɗan Mabera. Na'urar sunanta LIGO, kuma guda biyu ce: ɗaya a Hanford ta jihar Washington, ɗaya a Livingston ta jihar Louisiana. Ranar Litinin 14 ga Satumba 2015, kwana goma kafin babbar sallar shekarar, wajen ƙarfe 10:50 na safe agogonmu, suka kama abin. Ba su faɗa wa duniya ba sai 11 ga Fabrairu 2016.

Amma Yaya Mai Walda yana da gaskiya ta wani ɓangare. Ƙara ba ta tafiya inda babu iska, don haka babu kunnen da ya ji komai. Abin da ya iso shi ne abin da nake kira igiyar nauyi idan ina koyarwa. A 1915 Einstein ya ce nauyin abu yana lanƙwasa sararin da ke kewaye da shi, kuma lanƙwasar ce muke ji a matsayin ƙarfin da ke jawo mu ƙasa. A 1916 ya ƙara da cewa idan manyan abubuwa suna juyi da sauri, lanƙwasar za ta riƙa tafiya tana yaɗuwa, kamar ka jefa dutse a gulbin Rima. Duk inda ta ratsa, tazarar da ke tsakanin abubuwa tana miƙewa ta gefe guda tana tsukewa ta ɗaya gefen, sai kuma ta juya. Wannan miƙewar aka auna. Sautin da ka ji daga baya aka mayar da awon zuwa sauti.

Ɗan Mabera: To mi yay yi karon?

Malamin Fiziks: Baƙaƙen ramuka biyu. Wato wuraren da nauyi ya cure har haske ba ya iya fita. Ɗaya ya kai nauyin ranarmu sau 36, ɗaya sau 29. Suka haɗe suka zama guda mai nauyin rana 62. Ka yi lissafi.

Ɗan Mabera: 36 da 29 ai 65 na. Ina ukun?

Malamin Fiziks: Ukun su ne suka zama igiyar. Nauyin rana uku cur ya koma makamashi cikin abin da bai kai daƙiƙa ba, ya yi tafiyar shekara kusan biliyan 1.3 da gudun haske kafin ya iso nan.

Mai Walda: To Malam, da ta iso, nawa tam miƙa ƙasar? In ji awon. Ni mai tef na.

Ɗalibar Dundaye: Kawu, ka zauna da kyau kafin a faɗa maka. Na'urar tana da dogayen hannaye biyu, kowanne kilomita 4 ne. Canjin da aka samu a tsawon nan bai kai faɗin furoton ba, ƙwayar da ke cikin cibiyar atam. Ya gaza shi sau ɗaruruwa. Misalin da su kansu suke bayarwa shi ne ka auna nisa daga nan zuwa tauraron da ya fi kusa da ranarmu, tafiyar haske ta shekara huɗu da 'yan kai, ka gane ya canja da kaurin gashi ɗaya.

Mai Walda: Haba ɗiyata. Nan na anka bar ni. Shekarata 26 ga ƙarhe. Ƙyauren da na ɗora da asuba cikin watan huɗu, in rana ta take sai shi cije, sai an sa ƙahwa an tura. Ƙyauren mita uku ke nan. Ku kuna batun kilomita huɗu shimhiɗe cikin rana, kuna ce min an auna abin da ko ƙura ta hi shi. Wanga ba awo ba na, an dai hwaɗi.

Safiyo Mai Ritaya: Salamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a gidan nan ba, amma wannan ya taɓo sana'ata. Tambayar Mai Walda tambayar ma'aikaci ce, kada kowa ya yi mata dariya. Mu lokacin da muke awo da tef na ƙarfe sai mun rubuta zafin ranar a littafi mun yi gyara a lissafi. Kuma a kilomita 4 ita kanta ƙasa ta lanƙwashe da sama da mita ɗaya, dole maginan su yi la'akari da shi kafin su samu layi miƙaƙƙe. Malam, a yi mana bayanin yadda ake awon, a hankali.

Malamin Fiziks: To Baba, Allah ya ƙara girma. Ku ɗauki bututu biyu da suka haɗu a kusurwa kamar kwanar ɗaki. A kusurwar ana harba hasken leza, wani madubi ya raba shi biyu, rabi ya bi wannan bututu rabi ya bi wancan. A ƙarshen kowanne akwai madubi mai dawo da shi. Shi ma haske igiya ne mai tudu da kwari. An saita tsawon yadda in sun dawo, tudun wannan zai faɗa kwarin wancan, su kashe juna, idon na'urar ya ga kusan duhu.

Kun san lugude? Mata biyu a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga wannan ta sauke. Muddin suna kan tsari, taɓarya ba ta taɓa taɓarya. Ɗaya ta yi jinkirin ƙiftawar ido, sai ka ji ƙwas, ko kana zaure ka san an samu saɓani. Haka yake a nan. Hannu ɗaya ya ƙaru, ɗaya ya ragu, saitin ya goce, haske ya ɗan tsiyayo inda da duhu ne. Kuma hasken ba sau ɗaya yake zuwa ya dawo ba, akwai ƙarin madubai da ke sa shi kai da komo kusan sau 300, sai ya zama kamar ya yi tafiyar sama da kilomita 1,000.

Batun zafin rana kuwa, Yaya, ba tsawon bututun ake aunawa ba. Aikin bututun kawai ya tsare hanya babu iska. Madubin nauyinsa kilo 40, kuma a rataye yake, ratayi a kan ratayi har hawa huɗu, na ƙarshen da zaren gilashi. In ƙasa ta yi rawa da sauri, kafin rawar ta sauko hawa huɗu ta kusa mutuwa. Sannan miƙewar ƙarfe saboda rana abu ne na sa'o'i, na'urar tana bin sa tana gyarawa. Abin da take saurare shi ne rawar da ke faruwa sau goma-goma zuwa sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya.

Mai Walda: Bututun da mi anka yi shi?

Ɗalibar Dundaye: Ƙarfen da ba ya tsatsa, Kawu. Faɗinsa mita 1.2, kaurinsa milimita 3, an naɗe shi an bi shi da walda kamar naɗin tabarma a karkace. An yi kwana 40 ana zuƙe iskar ciki, har abin da ya rage ya zama kamar kashi ɗaya cikin tiriliyan na iskar da muke shaƙa. Bisa kuma an rufe shi da kankare.

Mai Walda: Milimita uku, kilomita takwas in an haɗa, kuma ba yoyo ko na bakin allura? To waɗanga masu walda na yarda da su. Ga masu lissahin nika da magana.

Safiyo Mai Ritaya: Ni ga inda ya tsaya min. An ce sararin ne da kansa yake miƙewa. To in haka ne ai abin awon ma ya miƙe tare da shi. In na zana layin santimita a jikin roba na ja ta, layukan su ma buɗewa za su yi, awon ba zai nuna min komai ba. Hasken nan ba a cikin sararin yake ba?

Ɗalibar Dundaye: Baba, wallahi tambayar da ta tsayar da ajinmu ke nan rannan, har malamin ya ce mu je mu kwana da ita. Yadda na fahimta: hasken a nan agogo ne, ba tef ba. Gudun haske ba ya canjawa. In hanya ta ƙaru, zai daɗe kafin ya dawo, jinkirin ne ake gani. Gaskiya ne hasken da igiyar ta tarar a cikin bututu yana miƙewa tare da hanyar. Amma lezar ba ta daina zubo sabo ba, shi kuma sabon da tsawon zangonsa na asali, wato tazarar tudu zuwa tudu, yake shigowa, ya tarar da hanya ta ƙaru. Igiyar tana jan jiki ne in an kwatanta da saurin da haske ke shiga yana fita, don haka ana ta auna hanyar da sabon haske.

Safiyo Mai Ritaya: Wato kamar in aika yara biyu masu gudu ɗaya, in tsaya da agogo. Na gane. Allah ya yi miki albarka.

Ɗan Mabera: Amin. Ni dai lugude kawai na riƙe 😄

Mai Walda: Ba ku ƙare da ni ba. Abin da ka jin rawar da ba ta kai ƙura ba, ai komi zai ji. Tirela ta wuce, ya ji. Jaki ya yi birgima, ya ji. Shagona in babbar mota ta gitta har sanda ka gocewa. Ƙaƙa sunka san ba mota ba ta?

Malamin Fiziks: Yana ji kuwa. A Livingston saran itatuwa a dajin da ke kewaye ya daɗe yana damun su. Girgizar ƙasa a wata nahiya tana iya watsa saitin gaba ɗaya sai an sake. Har dukan da igiyar teku ke yi wa gaɓa yana isowa. A Hanford an taɓa samun wata ƙara da ta riƙa fitowa, da aka bi sawu sai aka tarar hankaki ne ke saran ƙanƙarar da ta taru a jikin bututun sanyaya na'ura, saboda ƙishirwa.

Shi ya sa aka gina biyu, tsakaninsu kilomita 3,000, kamar daga Sakkwato zuwa Khartoum a miƙe. Motar da ta girgiza wannan ba ta isa ta girgiza wancan ba. Haske yana cin tazarar nan cikin kashi 10 cikin 1,000 na daƙiƙa, saboda haka igiya ta gaskiya dole ta bayyana a duka biyun cikin wannan ɗan tsakanin. Ta 2015 ta fara isa Livingston, bayan kashi 7 cikin 1,000 na daƙiƙa ta isa Hanford, da siffa iri ɗaya.

Alaramma Gidan Igwai: Ina biye da ku. Ni ban yi boko mai zurhi ba, amma wanga tsari ba baƙo ba na gare mu. Ga mazhabarmu wata shina tabbata da adilai biyu ko jama'a mai yawa da ba ta haɗuwa bisa ƙarya. Kuma kowa ya san kahin Sarkin Musulmi shi yi sanarwa sai an tantance. Ba a tsayawa ga "na gani". Ana tambaya ina kag gane shi, ƙarhe nawa, ina yak karkata. Mai ƙarya ga siffa aka kama shi. To su waɗanga, sun san siffar abin tun kahin su gane shi?

Malamin Fiziks: Allah gafarta Malam, ka taɓo wurin. Sun sani. An riga an lissafa da kwamfuta yadda igiyar za ta kasance in ramuka biyu suna zagaya juna suna matsowa: tana farawa da kauri, tana ƙara sauri da ƙarfi, kamar mai kalangu yana matse tsirkiya sauti na hawa, sai ta yanke. Ta 2015 ta tashi daga kaɗawa 35 a daƙiƙa ta hau zuwa 250 cikin kashi biyu cikin goma na daƙiƙa. Aka ɗora ta a kan lissafin, ta zauna daram. Daga siffar ne ma aka ciro 36 da 29 ɗin nan.

Ɗalibar Dundaye: Malam, a yi min afuwa, amma shaidu biyu kaɗai ba su isa ba, tarihin abin ya nuna. A 1969 Joseph Weber na jami'ar Maryland ya ce ya kama igiyar da wasu manyan gumagumai na alminiyam. Shi ma biyu ya ajiye a garuruwa masu nisa, ya ce suna motsi tare. Wasu masana a ƙasashe daban-daban suka ƙera irin nasa, suka saurara, shiru. Zancen ya faɗi. Shaidun nasa duk 'yan gida ɗaya ne, shi ke tambayarsu shi ke yanke hukunci.

Mai Walda: Yauwa ɗiyata! To su ma LIGO ɗin ba 'yan gida guda ba na?

Malamin Fiziks: Ta yi gaskiya, kuma su ma tsoron da suka ji ke nan. Ga abin da suka yi. Na farko, suna ɗaukar bayanan Hanford su gusar da lokacinsu da gangan, su haɗa da na Livingston, yadda duk dacewar da aka samu tabbas katari ce. Su maimaita sau miliyoyi don su ga sau nawa hayaniya kawai ke yin kama da igiya. Na 2015 lissafi ya nuna ba zai faru da katari ba ko sau ɗaya a shekara 200,000.

Na biyu ya fi burge ni. Suna da 'yan mutane kaɗan da aka ba izinin saka igiyar ƙarya a ɓoye don a gwada sauran. A Satumba 2010 aka ga alama, aka yi wata shida ana aiki a kanta, har an rubuta takardar sanarwa. A Maris 2011 aka buɗe ambulan a taro, aka ce musu gwaji ne. Don haka da ta 2015 ta zo, Marco Drago, wani matashin masani ɗan Italiya da ya fara ganin ta a kwamfutarsa a Hannover ta Jamus, abin da ya fara zargi shi ne an sake yi musu. Wata biyar ɗin da suka yi shiru har da binciken ko wani ne ya yi kutse.

Kada kuma a manta daga 2002 zuwa 2010 na'urar farko ta yi ta saurare ba ta kama komai ba, suka fito suka ce ba mu kama ba. Mai son ƙarya ba zai jira shekara takwas ba.

Hajiyar Arkilla: Ni duk na ji. Tambayata guda: nawa aka kashe?

Malamin Fiziks: Sama da dala biliyan ɗaya, Hajiya, cikin shekaru kusan arba'in.

Hajiyar Arkilla: Inna lillahi. Don a ji "wuup". Ni da nake ganin matan da ake kawowa haihuwa daga ƙauye a bayan babur, kada wanda ya ce min in yi tafi.

Malamin Fiziks: Ba zan ce miki yana maganin zazzaɓi ba, don ba ya yi. Kuɗinsu ne, haka suka zaɓa. Abin da zan iya cewa, tun da aka halicci ɗan Adam kusan da haske kawai yake sanin sama, daga mai duban gamzaki da kaza da 'ya'yanta har mai babban madubin hange. Baƙin rami ba ya haske. Ba don wannan hanya ba, da karon nan ya wuce ba wanda ya sani.

Ɗalibar Dundaye: Hajiya, bari in shigo ta inda zai taɓa ki 😄 kuma amsar Kawu ce. 17 ga Agusta 2017 aka kama wata igiya daban, doguwa, ta kai kusan daƙiƙa 100. Wannan karon taurarin niyutiron ne biyu, gawar manyan taurari, kowanne faɗinsa bai wuce kilomita 20 da wani abu ba amma ya fi rana nauyi. Daƙiƙa 1.7 bayan haɗuwarsu, tauraron ɗan Adam mai suna Fermi, wanda ba ruwansa da LIGO, ya ga walƙiyar hasken gamma, wani haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani. Lokacin na'urar Virgo da ke kusa da Pisa a Italiya, mai hannu kilomita 3, ta shigo aiki, da taimakonta aka taƙaita yankin sama da za a duba. Bayan awa 11 wani madubin hange a Chile ya ga sabon ɗigon haske a gungun taurarin NGC 4993, nisan shekarar haske miliyan 130. Wuraren hange kusan 70 suka juya can, har da na Afirka ta Kudu. Kunne ya ce ga wuri, ido ya je ya tarar. Kuma hasken ya nuna ana ƙera ma'adinai masu nauyi a cikin tarkacen. Masana na ganin kaso mai yawa na zinariyar duniya daga irin wannan karo ta fito.

Hajiyar Arkilla: Wato ɗan kunnen nan nawa? To a gaya musu su ƙara yin karon, giram ya yi tsada.

Alaramma Gidan Igwai: Wanga kam ya zama jama'a mai yawa. Tsarki ya tabbata ga wanda yay yi sama da abin da ac cikinta.

Safiyo Mai Ritaya: Tafiyar shekara miliyan 130, saɓanin daƙiƙa biyu bai cika ba. Wannan ai ya nuna gudunsu ɗaya da haske.

Malamin Fiziks: Haka aka yanke, Baba. A Oktoban shekarar aka ba Rainer Weiss da Kip Thorne da Barry Barish kyautar Nobel saboda kamun 2015. Yanzu abin ya zama ruwan dare, waɗanda aka kama sun haura 200. Japan ta gina tata, KAGRA, a ƙarƙashin dutse a Kamioka don gudun rawar ƙasa, tana sanyaya madubanta. Indiya ma ta amince a 2023 za ta gina irin LIGO a Maharashtra.

Ɗan Mabera: Mu hwa? Ga hili nan har Illela.

Mai Walda: Na'urar da hankaka ka rikitawa, ka kawo ta inda wuta ka ɗaukewa sau biyar kahin azahar?

Ɗalibar Dundaye: Ginin ba namu ba ne yanzu, amma bayanan a buɗe suke a intanet, kyauta. Ni da ƙawata mun sauke na 14 ga Satumba 2015 a kwamfutar hannu, muka tace hayaniyar, muka ga layin yana hawa da idonmu. Data ce kawai ta ci mu, da dare uku.

Mai Walda: Ke da kanki? Ba hoton da sunka zana ba?

Ɗalibar Dundaye: Lambobin da kansu, Kawu. Na Hanford daban, na Livingston daban. Sai ka gusar da ɗaya da kashi 7 cikin 1,000 na daƙiƙa, ka kifa shi, don na'urorin ba fuska ɗaya suke kallo ba, sannan su hau kan juna.

Mai Walda: To ki taho da kwamfutar shago ran Asabar bayan la'asar, ina da janareto. Ki nuna min kahin ki gusar da bayan kin gusar. Malam kai kuma ka turo min hoton waldar bututun nan kusa-kusa, ina son in ga bakin ɗinkin.

Ɗan Mabera: Ni ma ina tahe. A aje min kujera nesa da tartsatsi.